Makullin Shagona

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya faɗi sunan abin: ciwon mantuwa. Wai a hankali zai riƙa cin kaina. Ya ce in tsara maganar banki da shago, in naɗa wakili tun ina cikin hankalina. Na ce to. Ban yi kuka ba sai da na shiga banɗaki.

Talata, 4 ga Maris

KI KARANTA WANNAN KULLUM DA SAFE.

Jiya, ina zaune ina numfashi, babban ɗana Injiniya ya ce, "Likita, nan da yaushe za ta daina gane mu?" Ko kallona bai yi ba, sai ka ce kujera ce a wurin. Yau kuma ya je ya canza kwaɗon shagona, shagon zare da maɓallin da na ciyar da shi da shi, ya jefa makullin a aljihu. Wai na bar shi a buɗe na taho gida. Ko na bari, na ubansa ne?

Ki manta sunan layinku, ki manta inda kika aje tabarau, amma ban da wannan. Ko tsinken allura ba zai riƙe ba.

Asabar, 8 ga Maris

Injiniya! Sunan ma na tsiya ne. Tun ranar da ya kwance rediyon babansa ya kasa haɗawa muka laƙa masa. Yau mai gyaran firij ne zai riƙe min makulli.

Na kira Auta. Na ce ita za ta zama wakiliyata, banki da shago duka. Ta ce, "Mama, ina nan nesa, ga yara, Yaya fa?" Na ce in ta sake ce min Yaya, na kashe wayar.

Laraba, 12 ga Maris

Na karanta shafin. Raina ya ɓaci sabo fil. Madalla.

Alhamis, 20 ga Maris

A banki yarinyar da ke aiki a wurin ta ce sa hannuna bai yi kama da na da ba. Ni da hannuna! Na dawo na cika bayan kalanda da gwaji har yatsuna suka yi tsami. Lauyan da zai rubuta takardar wakilci ya sa Alhamis mai zuwa. Zai yi min tambayoyi ya ga ko da hankalina. Zai gani kuwa.

Injiniya ya zo da yamma, ya kawo magani, ya gyara famfo. Na juya masa ƙeya. So nake ya ji labarin daga bakin lauya, a tsaye, ina kallon fuskarsa.

Litinin, 24 ga Maris

Da safe na tashi da fushi, na rasa da wa nake yi. Sai da na buɗe littafin nan. Wannan ya fi maganar likita ba ni tsoro.

Alhamis, 27 ga Maris

Na yi kwalliya na fita ni kaɗai. A mararraba komai ya ɗauke. Ga motoci, ga mutane, ban san gabas ba, ban san me na fito yi ba. Na dai bi ƙafafuna. Ashe wurin gyaran Injiniya suka kai ni, munafukai.

Yana tsugune bayan wani firij. Ya miƙe ya goge hannu. "Mama, wajen lauya za ki ko? Auta ta gaya min. Mu je, kar ki makara."

Ya san abin da zan je yi. Ya sa ni a mota, ya kai ni har ƙofa, ya zauna a bencin waje. Kafin in shiga na ce masa, "Kai ne mai tambayar yaushe zan daina gane ka." Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Tsoro nake ji, Mama. Ban iya tambaya ba ne."

Ai kuwa bai iya ba. Bai taɓa iya komai ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Banki na hannun Auta, kamar yadda na rantse. Shago kuwa... to, Auta ta san inda zaren siliki yake ne? Ta san telan da ba a ba shi kaya sai ya biya? Dole ce ta sa na rubuta sunansa, ba yafewa na yi ba.

Ya kawo min makulli ɗaya, ya ɗaura masa jan zare don kar ya ɓace min. Ɗaurin ma bai iya ba, sai da na sake.

Shafin Talata na yage shi. Shayi ne ya zube a kai.