Tsumman da Kika Ɗaura wa Firigo

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗiya ga uwarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa a inda kike. Na san babu mai kai miki wannan takarda. Waɗansu ne za su karanta ta, kuma ina jin kunyarsu, amma ke nake yi wa magana.

Dukanmu muna lafiya a Gazawa. Baba ya samu gero da wake daidai gwargwado. Autarki Sa'a ta shiga lakol bana, ta iya rubuta sunanta, sai dai harafin farko kullum baya yake kallo. Ni kuma ina ajin ƙarshe na kolej.

Inna, abin da ya sa na rubuto shi ne na kwance wani ƙulli da kika yi da hannunki. Ina so ki ji daga bakina yadda aka yi.

Kin tuna ranar da Baba ya kawo miki firigo daga Maradi, ɗaure a saman mota? Matan unguwa suka cika gidan. Kika sa aka ajiye shi a ɗakin tsakiya, kika goge shi sau biyu duk da sabo ne. Daga nan kika fara sayar da ƙanƙara da zoɓo, har gidanmu ya koma gidan mai ƙanƙara.

Bayan kamar shekara biyu ya fara jan hannu. In mutum ya taɓa mariƙin ƙarfen, sai ya ji wani zir har gwiwar hannu. Kika yi dariya kika ce, "Gaisuwa yake yi, ya fi wasu 'ya'yan ladabi." Kika yagi bakin koren zanenki, kika naɗe mariƙin da shi, kika ƙulle tam. Kika kafa mana doka: "A sa takalmi, a kama ta wurin tsumma." Muka bi dokar kamar karatu.

Da ciwo ya kwantar da ke har Allah Ya karɓe ki, ni na ci gaba da sana'ar. Ina dawowa daga lakol in dafa zoɓo, in ƙulla, in jera. Tsumman ya yi baƙi saboda hannu, amma ba wanda ya yi tunanin canza shi. Na taɓa ganin Baba ya shigo ɗakin, bai buɗe firigon ba, ya ɗora hannunsa a kan ƙullin na ɗan lokaci, ya fita. Bai san ina bayan ƙofa ba.

Bara, dab da hutu, malaminmu na kimiyya ya koya mana darasin kuran, wato wutar lantarki. Ya ce duk abin ƙarfen da ke jan hannu a gida, wuta ce ta tsere daga wayarta ta shiga jikinsa, tana neman hanyar zuwa ƙasa, kuma in ba ta samu hanya ba sai ta bi ta jikin mutum. Ya ce busasshen ƙyalle yana ɗan tare ta, jiƙaƙƙe kuwa hanya yake ba ta. Na rubuta a littafina. Tsummanki bai taɓa bushewa ba, Inna. Da hannun ƙanƙara muke kama shi tun safe.

Kwana tara ina shirya yadda zan faɗa wa Baba. Kin san ni. Ko a aji, in na san amsa, sai in bar wata ta ɗaga hannu. Ranar da na faɗa, ina durƙushe ne na kai masa ruwan wanke hannu, kuma ban san ko rabin maganar ta fito ba. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Shekara nawa uwarku tana buɗe shi, me ya same ta?" Na ce, "To, Baba." Na ɗauki kwanon na tashi.

Wannan "to" ɗin ita ce laifina. Na san abin da na sani, na yi shiru wata biyu. A cikin wata biyun nan kuma Sa'a ta ƙara tsawo, har hannunta ya fara kaiwa ga mariƙin in ta yi ɗage.

Wata safiya cikin damina aka kwana ana ruwa, ɗakin tsakiya ya yi yoyo, siminti ya jiƙe. Baba ya tafi gona. Ina murhu ina hura wuta sai na ji ƙara ɗaya gajeriya, ba irin kukan Sa'a da na sani ba. Na tarar da ita zaune a ƙasa, bayanta ya bugi bango, ta riƙe hannun dama da na hagu, ƙafarta ba takalmi. Idonta a buɗe, amma ta kasa magana. Da maganar ta dawo, abin da ta fara cewa shi ne, "Yaya, kar ki faɗa wa Baba, na manta takalmin ne." Ita a ganinta dokarki ta karya.

Na rungume ta har jikinta ya daina karkarwa. Daga nan na je wurin kontar, mitar nan ta wuta, na kashe wutar gidan gaba ɗaya. Ƙanƙarar ranar duk ta narke, zoɓon ya yi ɗumi, ban damu ba. Na kama hannunta muka fita.

Kin san Malam Illiya mai gyaran kuran, wanda rumfarsa take kusa da tasha, mai sanƙo, mai tabon ƙuna a tafin hannu? Sau uku muka wuce gaban rumfarsa na kasa tsayawa. A na huɗu ya ɗago kai daga fankar da yake gyarawa ya ce, "'Yar gidan mai ƙanƙara, hanyar ce kike aunawa ko magana ke gare ki?" Mutanen rumfar suka yi dariya. Da ni kaɗai ce da na gudu. Amma hannun Sa'a yana cikin nawa, yana da sanyi. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da "to" ɗin da na ce wa Baba.

Ya daina wasa nan take. Ya duba tafin Sa'a, ya tambaye ta ko ƙirjinta yana ciwo, ya ce in kai ta likita yanzu a saurari zuciyarta, ko da tana tafiya da ƙafarta. Ya ce, "Kar wata ta ce miki a ɗura mata madara ko a turbuɗe ta cikin rairayi. Kuran ba ya jin madara." Na kai ta, suka duba, suka ce Allah Ya kiyaye.

Da la'asar ya zo da jakarsa, ya tarar da Baba a zaure. Ban ji duk abin da suka faɗa ba. Na dai ji Baba yana cewa firigon na marigayiya ne, ba ya son a yi ta kwance shi. Malam Illiya bai yi musu ba. Ya ce a kunna wutar minti ɗaya, kowa ya tsaya nesa. Ya ciro ɗan abin gwajinsa mai kama da alƙalami, mai 'yar fitila a gindi, ya sa hannun hagu a aljihu, ya dangwala bakin abin a kan tsummanki. Ba a kan ƙarfe ba, Inna, a kan tsumman. Fitilar ta kama ja.

Baba ya daɗe yana kallonta. Sai ya juya ya kalli Sa'a, ya ce ta nuna masa hannunta. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun ranar da aka fita da ke.

Malam Illiya ya koma wurin kontar ya kashe wuta, ya cire hularsa ya rataya a kan makashin. Sa'a ta ga sanƙon ta ƙyalƙyale da dariya, dariyarta ta farko a ranar. Ya ce mata, "Yi dariyarki, amarya. Duk wanda ya ga hulata a nan ya san kaina yana cikin waya, kar ya kunna." Ya nuna mana tabon hannunsa, ya ce tun yana saurayi, a wani gidan biki, wani mai gaggawar kunna fanka ya ba shi wannan tukuici. Tun ranar ba ya aiki da hula a kai.

Da ya jawo firigon ya buɗe bayansa, ya nuna mana wayar da ɓera ya gaigaye, jan ƙarfenta tsirara yana gogar jikin firigon. Shekaru ke nan tana haka. Ya canza ta, ya canza wurin jonawa na bango ya sa mai hanyar ƙasa, ya ɗaura wani makashi da ke sauka da kansa in wuta ta tsere. Yana aiki yana magana kamar rediyo. Ya ce kar mu ƙara haɗa waya da leda ko tsumma. Ya ce in kuran ya kama mutum kar a cafke shi da hannu, a kashe wuta, in ba hali a ture shi da busasshiyar taɓarya. Ya ce da ni, "Ke da kike lakol, kin ga taɓaryar ma tana da wani aiki ban da sa ki kukan daka."

Saura tsumman. Ya ce dole a cire shi, domin muddin yana nan ba za mu san ranar da firigon ya sake jan hannu ba, sai ranar da tsumman ya jiƙe sharkaf. Ya ciro wuƙarsa, ya dubi Baba, sai ya mayar da ita jaka. Ya ce, "Wannan ba aikina ba ne. Na masu gida ne." Ya fita tsakar gida ya ba mu wuri.

Baba ya gwada, yatsunsa sun yi kauri, ƙullin ya ƙi. Kin ɗaure shi da ƙarfi, Inna, kamar yadda kike ɗaure bakin buhu. Na ɗauko allurar kitsonki na zauna ina sassauta shi a hankali. Da naɗin ya fara warwarewa, sai ga cikin ƙyallen da rana da hannu ba su taɓa ba, kore shar, da 'yan furanninsa, kamar ranar da kika yage shi. A nan na kasa riƙe kukan. Baba bai hana ni ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kamar na tsaya gaban mutane na ce kin yi kuskure. Ban faɗa wa kowa ba, amma ina jin Malam Illiya ya gani a fuskata. Da zai tafi ya ce, "Uwarku ta ga haɗari ta tare shi da abin da ke hannunta. Ba wanda ya gaya mata ɓera ne. Maganar takalmi kuwa gaskiya ta faɗa, ku riƙe ta har ku tsufa." Na rubuta wannan a bayan littafin kimiyyata don kar in manta ko kalma ɗaya.

Washegari ya dawo ya haƙa rami a bayan ɗakin, kusa da zogalen da kika shuka, har ya kai ƙasa mai danshi. Ya kafa dogon ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya jona masa waya daga cikin gida, ya rufe. Ya ce ta nan wutar da ta tsere za ta bi maimakon jikin mutum. Amma ya ce ƙasarmu rairayi ce, da rani ya yi sai ta bushe ƙarau, ƙarfen ya kama barci. "Ku riƙa ba shi ruwa kamar akuya," in ji shi. "In kun manta shi, shi ma zai manta ku."

Da ya rufe ramin, wurin ya koma daidai da sauran ƙasa, ba alama. Baba ya ce a sa dutse. Ni kuwa, ban san inda na samo bakin ba, na ce ina da wata shawara. Ya tsaya ya saurare ni har na gama. Na wanke tsummanki, na shanya, na kafa sanda a kan ramin, na ɗaura shi a kai. Na yi ƙoƙarin yin irin ƙullinki, bai fito daidai ba, amma ya riƙe.

Yanzu muna tsakiyar zafi, ƙasa ta bushe kamar yadda ya faɗa. Duk safiya kafin in tafi lakol ina cika butarki, rabi ga zogale, rabi ga gindin sandar. In na makara, Sa'a ce take tuna mini. Cewa take yi, "Yaya, tutar Inna tana jin ƙishirwa." Tana buɗe firigon da kanta yanzu, da takalminta a ƙafa, kuma bai ƙara gaishe da kowa ba.

Inna, ki yafe mini wata biyun da na yi shiru. Da Sa'a ta biyo ki a ranar nan, ban san da wane ido zan dube ki ba. Har yanzu ina da kunya, ba na jin za ta bar ni, amma na gane akwai maganar da ba a cewa "to" a tashi. Ki yafe mini kuma ƙullin da na kwance. Ban jefar da shi ba. Yana nan bayan ɗaki, iska tana kaɗa shi, yana aikin da kika sa shi tun farko, na tsare mu.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sanyaya maƙoshin mutanen unguwa a ranakun azumi. Allah Ya ƙara wa Baba haƙuri, Ya raya mini Sa'a, Ya tsare hannun Malam Illiya a duk inda ya rataya hularsa. Allah Ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Ni ce 'yarki ta fari, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta,

'Yar lakol ɗinki.