Maganin Ya Isa Ƙwaƙwalwa

Dakoro, daren Laraba

Da la'asar ina taya Inna tsintar wake, malamina ya bugo tarho daga Faransa. Ƙwayoyin nan da ido ba ya gani, waɗanda na shekara uku ina haɗawa, sun ɗauki maganin ciwon daji sun kai shi cikin ƙwaƙwalwar ɓerayen gwaji, har ciwon ya ragu. Abin da ya gagara ke nan lokacin jinyar marigayi Baba.

Da na faɗa wa Inna, sai ta aje faifai. "Da yanzu ne, da ya tashi?"

"A'a, Inna. Da saura kafin a kai ga mutane."

Ita da ta yi wata guda tana roƙona in zauna gida, sai ta ce, "To, koma ki ƙarasa, ɗiyata."