Ajiyar Baba Mainasara

Bodinga, ranar Lahadi.

Zuwa ga Gwaggona Rahamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya mutanen Shagari? Mu nan ruwa ya yi mana yayyafi ya ɗauke, waɗanda suka yi gaggawar shuka suna ta kallon sama. Na daina kiran ki a waya, Gwaggo, don kullum na kira sai na yi ta ihu har maƙwabta su san cikinmu, ke kuwa kina can kina ta "iye?" Gara takarda, tunda idonki har yanzu ya fi nawa. Ɗanladi direba zai riƙa kawo miki.

Maganar ƙungiyarku ce ta sa na ɗauki biro. Na ce taku, don ku kuka kafa ta tun ba a san za a haife ni ba, zamanin jamhuriya ta biyu da aka tsuke bakin aljihu ana layin sabulu da madara. Ke kika fara riƙe mata sakatariya, yau ga kujerar ta faɗo kaina. To bana rumbun ƙungiya ya kusa ƙasa. Masu ba mu hatsi a da, su ne yanzu ke neman a ba su. Ana cikin haka wata gidauniya daga Abuja ta ce za ta ba mu gero da dawa na damina sukutum, amma da sharaɗi. Dole mu riƙa shigar da rabon a wata manhaja ta intanet, don su gani daga can cewa hatsi ya isa hannun mai shi. Manhaja ki ɗauke ta kamar littafin da kike rubutu ciki, sai dai ita tana cikin waya, kuma na Abuja yana iya leƙawa. Sun ce akwai su da yawa, mu zaɓi wadda ta yi mana.

Shugabanmu Alhaji Lawali ya zame jikinsa kamar yadda ya saba. Cewa ya yi, "Ni ban san komi ba ga wanga sha'ani. Ke da Ɗahiru ku duba muna, mu dai hatsin ga shi shigo." Ɗahiru mai shagon magani shi ne ma'ajinmu yanzu. Shi ya kafe a kan wata manhaja mai ɗaukar hoton duk wanda aka ba buhu, har da dangwala yatsa, wai ita masu bayarwa suka fi yarda da ita. Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganar da sai da na dawo gida na ji kunyarta.

Kin fi ni sanin dalili. Mu ba ma ba kowa sadaka. Mai kai buhu ya yi sallama ya ce ga ajiyarku an ce a maido, maigida ya ce madalla, shi ke nan. Kin sha gaya mini Baba Mainasara ne ya kawo wannan doka, lokacin da motocinsa ke lodin albasa zuwa kudu. To Gwaggo, shekarun nan gidansa na cikin gidajen da muke mayar wa da ajiya. Babban ɗansa ya rasu, ƙaramin ya tafi neman kuɗi ba labari, idonsa ya yi rauni, daga shi sai matarsa Inna Dije a gidan. Amma kullum da la'asar zai sa babbar rigarsa ya zauna a majalisar ƙofar masallaci, kuma har gobe in manoman albasa suka saɓa, gabansa ake kawo su. Ya san mun sani, mun san ya sani, ba wanda ya taɓa ɗaga ido. Zaman majalisar nan shi kaɗai ya rage masa. Ta yaya zan saka masa waya a fuska in ce ya riƙe buhu a ɗauke shi hoto?

Ki taya ni da addu'a. A gaida duk mutanen gida.

Ni ce 'yarki,
Safinatu

Bodinga, ranar Laraba.

Gwaggona,

Sallama da gaisuwa. Ya jiki, ya damina? Takardarki ta iso tare da daddawar, na gode, ko da yake na lura ƙullin bana ya rame, ko tsadar ta iso Shagari ne? Na yi dariya da kika ce a zamaninku manhajarku ita ce bakin zanenki.

Albishirinki, na kayar da Ɗahiru. Mun yi ta gwaji a shagonsa har data ta ƙare mana. Akwai wata ta kyauta da ya koma kanta bayan na hana mai hoto, amma Turanci zalla ce, kuma ba ta motsi sai da sabis. Na ce masa ya je ƙauyukan bayan Sifawa da ita ya gani, inda sai mutum ya hau tudu ya ɗaga hannu kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Wadda na zaɓa tana aiki ko ba sabis, in an shigo gari ta tura abin da aka rubuta. Da Hausa take, kuma ba ruwanta da fuskar kowa, suna da lambar waya kawai take so.

Abin da ya fi burge ni, tana kiran mutum da kanta bayan an kai masa kaya, saboda waɗanda ba su karatun boko. Na gwada da lambata, sai ga muryar wata mace mai ladabi tana cewa an kawo miki saƙo, in kin karɓa danna ɗaya. Saƙo kawai ta ce, Gwaggo. Na ce wannan ai kamar da mu aka yi shawara aka ƙera ta. Gidauniya ta amince, Alhaji Lawali sai sa mini albarka yake, Ɗahiru kuwa ya ce tunda mace ta zaɓi mai baki, ba mamaki. Na ƙyale shi, ranar ba na jin faɗa.

Hatsi ya iso jiya. Na tsaya da kaina aka ware buhun Baba Mainasara daga gero mai kyau. Rabon da in yi barci mai daɗi irin na jiya na manta.

Ki gaida kowa, ki kuma rage goro.

Taki,
Safinatu

Bodinga, ranar Asabar.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ni dai jikina lafiya, amma zuciyata ba lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Garin neman gira mun rasa ido. Maigidana yana wurin abin ya faru, shi ya ba ni labari, kuma da ƙyar ya iya. Shekaranjiya da safe aka kai wa Baba ajiyarsa, ya ce madalla kamar kullum. Da la'asar yana majalisa, wuri ya cika, har da surukinsa Haliru mijin 'yarsa da ya zo gaisuwa daga Mandera. Sai wayarsa ta yi ƙara. Kin san halinsa, in an kira shi buɗe murya yake yi ya miƙa wayar gaba kowa ya ji, don yawanci masu neman shawara ne, kuma yana jin daɗin a san har yanzu ana nemansa. Haka ya yi.

Muryar nan ta kira sunansa cikakke. Ta ce an kawo maka buhun gero na tallafin gajiyayyu da marasa galihu, in ka karɓa danna ɗaya. Ashe lokacin da na gwada, gidauniya ba ta riga ta sa sunan shirinta a ciki ba, shi ya sa ta ce mini saƙo kawai. Da suka sa, sai ta riƙa faɗin sa ga kowa. Ga shi da Hausa tsantsa, irin wadda na yi ta yabo, ba wanda zai ce bai gane ba.

Baba ba ya ganin lambobin, ita kuma muryar ba ta yin shiru sai an danna, sai ta sake maimaitawa daga farko. Yana ta shafa wayar da yatsa. Kowa ya sunkuyar da kai, an rasa mai ƙarfin halin miƙa hannu. Ƙarshe Haliru ne ya matso a durƙushe ya karɓa ya danna. Surukinsa, Gwaggo, wanda ko ruwa Baba bai taɓa sha a gabansa ba. Baba ya karɓi wayarsa ya sa aljihu, ya ce a yi masa afuwa yana da uzuri a gida, ya tashi.

Jiya da hantsi ya ɗauki hayar mai baro, aka ɗora buhun, yana biye da shi cikin babbar riga, ta tsakiyar kasuwa, har ƙofar ofishinmu. Ina ciki na ji muryarsa, na kasa fitowa. Ya ce wa Ɗahiru, "Ka ce ma Lawali ajiyata ta ƙare, na amshe ta duka tun bara. Wanga buhu ba nau na ba, ku ba masu shi."

Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Ina jin haushin gidauniya, ina jin haushin masu manhajar, in na gama zagaye sai in dawo kan kaina. Na tsare ƙofar hoto da ƙarfina duka, ban ko waiwayi ta baki ba.

Ki yi mana addu'a.

'Yarki,
Safinatu

Bodinga, ranar Jumma'a.

Gwaggona abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafa, ya sanyin damina? Na ga takardarki, na ga inda biro ya jiƙe. Kin ce ke ma da ke ce ita za ki zaɓa. Na gode, amma bai rage mini komai ba.

Na tono inda ake kashe kiran, ɗan wuri ne ƙarami a can ƙasa, taɓawa ɗaya. Na kashe wa gidajen da na san ba za su so ba, na kuma rubuta wa gidauniya suka cire wannan suna, har da ban haƙuri. Amma magana zarar bunu ce. Abin da ya ƙara cin raina, mutane da yawa kiran ya yi musu daɗi, sun ce yanzu ba mai karkatar da rabonsu. Alhaji Lawali ya ce ba za mu jefar da hatsin gari saboda mutum ɗaya ba, kuma na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji zafinta. Ɗahiru da nake jira ya yi mini dariya, bai yi ba, shi ma ya rame.

Baba bai sake zama a majalisa ba. Wani masallaci yake zuwa can bakin gari inda ba sa'anninsa. Manoma sun kawo masa wata rigimar iyakar gona, ya aiko a ce musu su nemi mai galihu. Haliru ya roƙi ya ɗauke su zuwa Mandera, ya ƙi. Mun aika hatsi ta hannun liman, ya dawo da shi. Mun aika ta hannun 'yarsa, ya dawo da shi. Maƙwabciyarsu ta ce mini sai a wuni ba a ga hayaƙi a gidan ba.

Jiya na cire kunya na tafi da kaina. Na shirya ban haƙuri tun daga gida, ina ta bitar sa a hanya. Inna Dije ta yi mini shimfiɗa a tsakar gida, Baba ya fito da babbar rigarsa, ya gaishe ni irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ya zo daga nesa. Ya tambayi maigidana, ya tambayi yara, ya tambaye ki. Duk lokacin da na buɗe baki zan fara, sai ya sako wata tambayar. Can ya shiga ciki ya yi magana da Inna ƙasa-ƙasa. Na ji ta ce, "Haba Malam," ya ce, "Yi abin da nic ce." Na ce zan tafi, ya ce ba a yi haka ba, in jira.

Na daɗe a zaune kafin Inna ta fito da kwano ta ajiye a gabana ba ta dube ni ba. Kaza ce, Gwaggo, guda, an dafa ta da ɗan gishiri da barkono, babu tuwo babu komai a gefenta. Sai a lokacin na lura da 'yan tsaki suna ta zagaye tsakar gidan suna kuka, ba uwa a bayansu. Na dubi Inna, ta kau da kai.

Na ce Baba na ƙoshi. Ya ce, "Ɗiyata, mi ad da ke? Ci abincinki. Gidan ga ba a taɓa rasa abin tarbon baƙo ba."

In na ƙi, na sake gaya masa abin da wayar ta gaya masa. In na rage, zai ce na rage musu ne don tausayi. Don haka na ci, Gwaggo. Na cinye ta tas, hawaye na zuba cikin kwanon, shi yana zaune ya miƙe wuya yana saurare har na ajiye ƙashin ƙarshe. Sannan ya ce alhamdu lillahi, ya raka ni har bakin zaure.

In ƙafarki za ta iya, ki biyo Ɗanladi ki zo. Ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka san shi tun da can. Amma don Allah ki ci abinci kafin ki shiga, ki kuma ce masa kina azumi.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Ni ce 'yarki,
Safinatu