Kalma Ɗaya da Ta Rage Maka

Zuwa ga Yaya Sabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne a kan gardamar nan tamu da ba mu ƙarasa ba.

A tsakar gidanmu na Ƙofar Na'isa ta fara. Ka dawo daga makarantar da kake koyarwa, duk alli a hannun rigarka, na ce maka raina babu daɗi. Ka ce haushi ne, kewa ce, ko fargaba? Na ce babu ko ɗaya. Sai ka ce, "Hadiza, abin da ba ki san sunansa ba, ba ki gama jin sa ba."

Ni kuwa na ce ai da "ji" guda Bahaushe yake jin sanyi, ya ji ƙamshi, ya ji magana, ya ji tsoro, kuma bai taɓa rikita su ba. Ke nan jin ya riga sunan. Ka yi dariya, ka ce in nemo hujja mai ƙwari. Shekaru muka yi a haka.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta same ka. Kai mai gyara wa mutane Hausarsu, ka farfaɗo da kalma ɗaya tak: "to". Likita ya ce hankalinka na nan, hanyar maganar ce ta toshe. Ban natsu ba. Tsorona kada ya zama kai ne da gaskiya, wato da kalmomin suka tafi kai ma ka bi su.

Ranar da na kawo maka kunun tsamiya na manta sukari, ka kurɓa, ka ɗaga gira, ka ce, "To?" Sak yadda kake yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Na fashe da kuka don murna. Da 'yarka Amina ta ɗora maka jaririnta a cinya kuwa, wani "to" ka yi daban, mai tsayi, ƙasa-ƙasa. Har yau ban san sunan abin da ke cikinsa ba, amma duk ɗakin mun ji shi.

Duk da haka ban ce na ci gardama ba, Yaya. Wataƙila kalmomin suna nan cikin kanka, fita ce suka kasa. Da me kake tunani a watannin nan bakwai? Da Hausa? Da hotuna? Ko da wani abu da mu masu baki ba mu san shi ba? Kai kaɗai ka je wurin, kuma ka tafi da amsar.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa jinyar ta zama kaffara. Allah Ya sa ranar da masu tambaya suka zo maka a kabari, harshenka ya saki ka amsa tiryan-tiryan.

Ƙanwarka mai gardama,
Hadiza