Kafin Shafin Ƙarshe

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigida da yara. Ya ƙafar Baba, kumburin ya ragu? Ni lafiya lau. Tun da ɗalibaina suka tafi hutu shirun ɗakin nan yakan yi mini yawa, amma kada ki damu, ina cin abinci.

Godiya ce ta sa na ɗauki biro. Kin san tun da na gaya wa 'yata Auta cewa wannan hutun ma ba zan samu zuwa ba, ta daina karɓar wayata, har sati uku. Shi ya sa na aiko littafin nan mai hotuna, na yarinyar da ƙawarta ta saɓa mata alkawari, na roƙe ki ki yi yadda nake yi a aji, ki rufe shi kafin shafin ƙarshe ki tambaye ta me ya kamata yarinyar ta yi.

Jiya ta kira ni da kanta, wai ƙararki ta kawo: "Umma, Inna ta hana ni ganin ƙarshen."

Na ce, "To ke me kika ce mata?"

Ta ce, "Na ce ta yafe wa ƙawar, amma ta bar ta tsaye a bakin ƙofa tukuna, ta ji yadda jira yake."

Na ce, "Har zuwa yaushe?"

Ta ce, "Ai yanzu ya isa."

Yaya, Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki naki. Ki riƙa tsayar musu da katun ɗin talabijin ma haka, ko sun yi ƙorafi. Littafin kuwa, ki miƙa mata yau ta ƙarasa abinta.

Ƙanwarki