An Rubuta Sunan Mai Turmi, An Bar Mai Ganye

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya kuma sassauta maka ciwon bayan da ka ce yana damunka a wurin aiki. Mu nan sai godiya. Gwaggo ta samu sauƙin ƙafa, har tana dogara sanda ta fito tsakar gida tana faɗa da kowa, ka kuwa san alamar lafiyarta ke nan. Ɗana Dogo ya gama koyon walda, ya fara da ƙofar lambuna, ta karkace kaɗan amma tana rufuwa. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in buga waya, domin a waya ba ka bari in kai aya sai ka tare ni da haƙurin nan naka. Yau sai ka ji ni har ƙarshe.

Ka fi kowa sanin ba wanda ya ɗora ni a kan komai. Da Baba ya rasu daga sakandare na tsaya, ban kuma taɓa yi wa kowa kuka ba. Filin da lambuna yake a yau juji ne, ni na kwashe shi da baro. Rijiyar da ke ciki ni na haƙa ta da hannuna. Na fara da 'yan rassan na'ana'a a gwangwanayen fenti, ba malamin gona, ba rance, ba ɗan'uwa mai hanya. Shekara da shekaru ina bin kwami ɗaya bayan ɗaya, ina murza ganye ina shinshinawa, mai raunin ƙamshi in tuge, mai ƙarfi in raba saiwarsa in dasa. Da hancina na tace irin nan, har ta kai mai shayi a bakin titi yana gane ganyena ido rufe, otal-otal suna aiko mota, mai yin sabulu yana jiran layi. Magidanta suna ci da iyalinsu a ƙarƙashina. Ba alfahari nake maka ba, so nake ka riƙe wannan a ranka kafin ka ji abin da 'yarka ta yi mini.

Na ce 'yarka don raina a ɓace yake, amma ka san Uwata nake kiranta, tun da sunan Inna take ɗauke da shi, kuma a gidana take tun da ta shiga jami'a. Bara ta same ni a lambu idonta ya yi ja. Ta ce aikin da aka ba ta shi ne ta ciro wani zare daga cikin ganyen ƙamshi, zaren da ke ɗauke da gadon kowane mai rai, wanda suke kira DNA. Ta kwatanta mini yadda ake yi: a daka ganye a ɗan turmi mai sanyin ƙanƙara, a zuba ruwan magani mai kama da na sabulu, a ɗumama, a sa a injin da ke juyawa da gudu, sannan a zuba sifirit mai sanyi, sai zaren ya taru fari kamar auduga. A wasu tsirrai haka yake fita. A na'ana'a kuwa sai ya fito ja-ja, yana danƙo kamar ƙaro, ba ya karantuwa. Ta ce man da ke ba ganyen ƙamshi yana cikin abin da ke ɓata aikin, kuma nawa ya fi na kowa taurin kai. Na yi dariya na ce ashe abin da na ƙarar da ƙuruciyata ina ƙarawa, shi ne datti a wurinsu.

Ban ɗauke mata komai daga haƙƙinta ba, yarinyar ta yi aiki. Ita ta gano yawan wankin da za a yi wa dakakken ganyen da abin da za a ƙara a ruwan maganin, har fatar yatsunta ta saɓule. Amma ta ce tana buƙatar sabon toho wanda bai ga rana ba, domin shi ne mai ƙarancin mai. To ka ji, ƙanena, kwamin da na fi ji da shi, uwar irin gaba ɗaya, shi na lulluɓe da baƙin tamfol. Ina tsaye ina kallo ganyena ya koɗe, ya yi fari kamar mai jinya, in na murza ba na jin komai. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mai otal ya yi fushi ya koma wani wuri na wani lokaci. Uwargida ta ce na haukace, ina kashe shuka da hannuna. Da sassafe nake tsinko tohon in jera a kular ƙanƙara, in ɗauke ta a babur har ƙofar ɗakin gwajinsu don kada ya yi yaushi. Ranar da zaren ya fito fari ta kawo mini a 'yar kwalba, ɗan abu kamar majina, muka yi ta murna kamar an yi haihuwa.

Makon jiya suka yi baje kolin ayyukan ɗalibai, ta gayyace ni. Na sa kayana masu kyau na tafi. An manna aikinta a babban allo, ga hoton ganyena a tsakiya. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina karanta abin da aka rubuta, na kuwa bi shi layi-layi da yatsa. An rubuta sunan kamfanin da ya ƙera injin juyawa. An rubuta na wanda ya sayar da ruwan magani. Wallahi har wanda ya yi turmin an ambata, da ƙasar da yake. Da aka zo kan ganye sai aka ce an samo shi daga wani lambu a bayan gari. Wani lambu! A gefe ga tukwane an dasa irina, an soka masa ɗan katako da lamba kamar fursuna. Wani baƙo daga kamfanin shayi ya murza ganyen, na ga yadda ya ɗaga gira, ya tambayi malaminta daga ina wannan. Malamin ya ce wani iri ne da suka gano. Ina tsaye a bayansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Uwata ta gabatar da ni a matsayin baffanta, suka yi ta ba ni hannu suna yaba mini tarbiyya, ba wanda ya san hannun da yake riƙe da shi ne ya raini abin da ke tukunyar. Na haɗiye maganata don kada in kunyata ta a gaban mutane.

A gida na tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce ƙa'ida ce, ana rubuta sunan masu kayan aiki ne don duk mai son maimaita gwajin ya san inda zai samu irinsu. Na ce madalla da wannan ƙa'ida, to wanda zai maimaita, turmin zai daka ko ganyen? Ina zai samo ganyen in bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba? Sai ta ce ta taɓa faɗa wa malamin, ya ce ba a saba ba, ita kuma tana tsoron matsa masa don takardar kammalawarta a hannunsa take. Ta yi kuka. Ni ma ban ci abinci ba ranar. Amma kuka ba ya gyara rubutu, kuma in aka buga aikin nan a haka, gobe kamfani zai ɗauki irina daga hannun jami'a da lambarsa, jikokina su ji ƙamshin kakansu a kanti ba su san nasu ba ne.

Yanzu ga inda maganar take. Masu tantance aikin sun ce kafin a buga sai an maimaita gwajin da ganye daga ainihin inda aka fara ɗebowa, ba na tukunya ba. Ashe wani lambun yana da amfani. Uwata ba ta iya roƙona da bakinta ba, sai ta aiko Uwargida. Kada ka ce na yi mata mugunta: tun shekaranjiya na sake lulluɓe uwar irin, tohon yana nan yana fitowa fari yadda take so. Amma shuka ba ta jure duhu har abada, ni ma haka. Ranar Juma'a da safe zan je lambu. In ta zo da shafin an gyara, zan tsinko mata da hannuna, in kai ta a babur kamar kullum. In ba ta zo da shi ba zan yaye tamfol, rana ta mayar wa ganyena ƙamshinsa, su je su nemi wani lambun a bayan gari. Ka kira ta ka ƙarfafa mata gwiwa, maganarka tana shiga kunnenta. In malamin ne matsala ta kai ni wurinsa, ina da baki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ka gaishe mini da Maman Biyu da tagwayenta, da Auta, da abokinka Mai Gilashi da ya yi mana hidima da muka zo. Gwaggo, Uwargida da Dogo duk suna gaishe ku. Ba kuɗi nake nema ba, ba kuma godiya a ƙarshen littafi tare da ƙawaye ba. A layin da aka ambaci ganyen, kusa da mai turmi, nan nake so a rubuta sunana cikakke, haɗe da na Baba. Ni na zaɓa mata sunan da take sa hannu da shi, ba ta rasa sanin yadda ake rubuta nawa ba.

Wassalam, yayanka,
Mai Na'ana'a