Rodin da Baba ya bari a saman gida

Zuwa ga ƙanena,

Ina gaishe ka da kyau, kai da mai ɗakinka da 'yar lelenku. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Mama da ke tashi duk lokacin da hadari ya haɗu.

Maganar rodin nan ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna da Baba ya zuba kankaren rufi, ya bar rodi tsaye a kowace kusurwa, wai zai ɗora bene saboda jikoki. Lissafin magini ya yi: tunda shi ya haifi tara, kowannenmu ma zai cika masa ɗaki. To rodin ya yi tsatsa, ruwa na bin gindinsa yana ɗiga daidai kan gadon Mama. Mai gyara ya ce ko a ɗora benen, ko a yanke a toshe kafin damina.

Baba ya tara mu ya tambayi kowa 'ya'ya nawa yake da niyyar haifa. Yaya ya ce ukun nan sun ishe shi, kuɗin makaranta kaɗai ya fito masa da furfura. Ni na ce da wane bayan zan ƙara goyo, ina duƙe kan keken ɗinki tun safe? Auta ta ce sai ta gama karatu tukuna. Sauran biyun ma sun ce waɗanda suke da su sun ishe su. Mama ce ta ba mu mamaki. Ta ce ita tsoro ne ya sa ta yi ta haihuwa, don ta binne uku, amma jikokinta ga riga-kafi ga asibiti, ko ɗaya ba ta rasa ba. Wallahi Baba sai da ya ba ni tausayi.

Washegari ya hau da zarto, ya hana kowa taya shi. Ya yanke duka sai na saman tsohon ɗakinka, ya ce kai ba a tambaye ka ba.

Ba matsa maka nake yi ba. Na san ɗaki ɗaya kuke haya, ku biyun kuma kuna fita aiki. Amma ka kira shi ka faɗa masa da bakinka, ko me kuka yanke. Da wannan tsufan nasa, kullum da yamma sai ya hau tsani ya shafa wa rodin baƙin mai.

Mama da Yaya da Auta suna gaishe ku, a shafa mini kan 'yata.

Taka,
Yayarka mai ɗinki